Tallafin gidauniyoyi ga ƙananan ƙungiyoyin al'umma

Tallafin gidauniyoyi ga ƙananan ƙungiyoyin al'umma shi ne kuɗi da sauran gudummawar da gidauniyoyi, attajirai, kamfanoni da hukumomin agaji suke bai wa ƙungiyoyin sa-kai na unguwa ko na ƙauye, waɗanda ba don neman riba aka kafa su ba. Irin waɗannan ƙungiyoyi su ne ke kula da marayu, matan da mazansu suka rasu, masu buƙata ta musamman, 'yan gudun hijira da yaran da ba sa zuwa makaranta. Tallafin iri biyu ne. Akwai kuɗin aiki, wanda ake bayarwa don a gina rijiya ko a ciyar da yara. Akwai kuma ƙarfafa ƙungiya, wato abin da ake kashewa a kan ita kanta ƙungiyar domin ta iya riƙe kuɗi, ta iya ba da lissafi, ta kuma ci gaba da aiki bayan tallafin ya ƙare. Na farkon ya fi sauƙin samu nesa ba kusa ba, kuma mafi yawan matsalolin wannan fanni daga nan suka taso.

Asali

Taimakon juna ya girmi kowace gidauniya. A ƙasar Hausa akwai gayya, adashe, zakka, sadaka da wakafi, kuma har yanzu da su ne mafi yawan ƙananan ƙungiyoyi suke rayuwa, tare da karo-karon 'ya'yan ƙungiya. Jihohi irin su Kano, Zamfara da Sakkwato suna da hukumomin zakka da wakafi na gwamnati.

Tsarin bayar da tallafi a rubuce, mai takardar nema da yarjejeniya da rahoto, ya bunƙasa ne a Amurka a ƙarni na 20 ta hannun gidauniyoyi irin su Carnegie, Rockefeller da Ford. Dokar harajin Amurka ta wajabta wa gidauniya mai zaman kanta ta kashe kusan kashi 5 cikin ɗari na dukiyarta a kan ayyukan alheri kowace shekara, shi ya sa kuɗinsu ba ya yankewa. Gidauniyar Ford tana da ofishi a Legas tun 1960, ta MacArthur kuma ta buɗe nata a Najeriya a 1994. A cikin gida akwai Gidauniyar TY Danjuma, wadda aka kafa a 2009, da ke ba ƙungiyoyi tallafi musamman a fannin lafiya da ilimi. Ga yankin da rikicin Boko Haram ya shafa, an ƙaddamar da Asusun Agajin Jinƙai na Najeriya a 2017, a ƙarƙashin ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya, don ayyuka a Borno, Adamawa da Yobe.

Takardun da ake nema a Najeriya

Kafin a duba ingancin aikin ƙungiya, sai an duba takardunta. Rijistar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha tana isar wa ƙungiya ta yi aiki a yankinta, amma manyan masu bayarwa rijistar Hukumar CAC, wato hukumar rijistar kamfanoni ta ƙasa, suke nema, a matsayin kwamitin amintattu, bisa dokar kamfanoni ta 2020. Ana gabatar da kundin tsarin mulkin ƙungiya da sunayen amintattu, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan haka sai lambar haraji, da takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, wadda bankuna kan nema kafin su buɗe asusu da sunan ƙungiya. Asusun kansa ana son ya kasance ba a cire kuɗi sai da sa hannun mutum biyu.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne rahoton shekara-shekara na CAC. Ƙungiya takan yi rijista ta ajiye satifiket a bango, shekaru su wuce ba ta miƙa komai ba, sai ranar da damar tallafi ta zo a tarar an rubuta ta cikin waɗanda ba sa aiki, ga tara ta taru.

Idan gidauniyar ta Amurka ce, akwai ƙarin mataki. Ko dai ta tabbatar a rubuce cewa ƙungiyar daidai take da ƙungiyar agaji a dokar Amurka, ko kuma ta ɗauki nauyin bin diddigin kowace dala. Dukansu suna cin lokaci da kuɗi, don haka gidauniyoyi da yawa sun gwammace su ba babbar ƙungiya guda, ita kuma ta rarraba wa ƙanana. Ƙungiyar da ba ta da rijista tana iya fakewa a ƙarƙashin wata mai rijista, wadda za ta karɓi kuɗin a madadinta ta cire wani kaso na ɗawainiya.

Tantancewa da sakin kuɗi

Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na UNICEF, UNDP da UNFPA suna amfani da tsarin da ake kira HACT. Ana turo masu binciken kuɗi su duba littattafan ƙungiya, yadda take sayayya, da ko mai amincewa da biya daban yake da mai biya. Daga nan a sa ta a ɗaya daga matakan haɗari huɗu, daga ƙarami zuwa babba. Matakin da ta samu shi ke yanke yadda za a sakar mata kuɗi da yawan ziyarar bincike da za a kai mata. Galibi kuɗin wata uku ake bayarwa, ba a sake na gaba sai an ba da lissafin na baya.

Lissafin nan ba abu ne mai wuyar fahimta ba, yawan takardu ne. Kowane biya yana buƙatar takardar neman kuɗi, sa hannun mai amincewa, baucan biya da rasit. Sayayya mai ɗan tsoka tana buƙatar farashi daga 'yan kasuwa uku. A kasuwar ƙauye kuwa mai sayar da gero ba shi da rasit, mai babur ɗin da ya kai kayan ma haka. Ƙungiyar da ta san aiki takan buga nata baucan, mai ɗauke da suna, kwanan wata, adadi da wurin dangwala yatsa, ta nemi amincewar mai bayarwa da shi tun kafin a fara aiki. Wadda ba ta yi haka ba, ko da ba a ci ko sisi ba, mai bincike zai ce ba a yarda da kashewar ba, a mayar da kuɗin.

Kuɗin gudanarwa

Wannan ne cibiyar magana. Masu bayarwa da yawa suna ƙayyade abin da za a kashe a kan haya, albashin akanta, wuta, intanet da binciken kuɗi, sau da yawa kashi 10 cikin ɗari ko ƙasa da haka. A ɗauki tallafin naira miliyan 10 na shekara guda. Kashi 10 miliyan 1 ke nan. Idan aka ɗauki akanta guda a kan mafi ƙarancin albashi na 2024, naira 70,000 a wata, naira 840,000 sun tafi. Saura 160,000 na hayar ofis, man janareta da kuɗin odita na shekara. Ba za su isa ba. Sai ƙungiya ta haƙura da akanta, littattafanta su rikice, a tantance ta a ce ba ta da ƙarfi, a hana ta babban tallafin da zai ba ta damar ɗaukar akantan. Wasu kuma sukan ɓoye kuɗin ofis a cikin kuɗin aiki, wanda hakan ke sa mai bayarwa ya ci gaba da zaton kashi 10 yana isa.

Wasu gidauniyoyi sun amince da wannan gaskiya. A 2016 Ford ta fara shirin BUILD da dala biliyan 1, mai ba da tallafin shekara biyar wanda ƙungiya ke da 'yancin sarrafa mafi yawansa, ta kuma sabunta shi a 2021. MacArthur ta ɗaga kason gudanarwa zuwa kashi 29 daga 2020. Gwamnatin Amurka ta ɗaga nata mafi ƙaranci daga kashi 10 zuwa 15 a 2024. Attajirar Amurka MacKenzie Scott ta raba fiye da dala biliyan 19 zuwa ƙarshen 2024 ba tare da sharaɗin yadda za a kashe ba. Sai dai a lura: gasar da ta buɗe wa ƙungiyoyin al'umma a Amurka, wadda ta ba 361 daga cikinsu dala miliyan 640 a 2024, ta taƙaita ne ga masu kasafin dala miliyan 1 zuwa 5 a shekara. Abin da ake kira ƙarami a can, a Damaturu babbar ƙungiya ce.

Ƙarfafa ƙungiya

A aikace, ƙarfafawa ta fi zuwa da siffar bita: kwana biyu ko uku a otal, a raba jaka da alawus. Bita tana da amfani wajen gabatar da sabon tsari, amma tasirinta kaɗan ne idan wanda ya halarta shugaban ƙungiya ne ba mai riƙe littafi ba, ko ya koma ofishin da babu kwamfuta. Abin da ya fi kama jiki shi ne a turo ƙwararren akanta ya zauna da ma'ajin ƙungiya lokaci-lokaci na tsawon watanni, su rufe lissafin wata tare, su daidaita littafin kuɗi da bayanin banki. Sai biyan kuɗin odita na shekara biyu ko uku a jere, domin rahoton odita ne mabuɗin kowane babban tallafi. Sai rubutattun ƙa'idoji gajeru da ake aiki da su, na kuɗi, na sayayya, da na kare yara da mata daga cin zarafin ma'aikatan ƙungiyar kansu. Wannan na ƙarshe ya zama sharaɗi a kusan ko'ina tun bayan abin kunyar lalata da mata da ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Oxfam suka yi a Haiti, wanda ya fito fili a 2018.

Akwai haɗarin da ke biyo bayan nasara. Ma'aikacin da aka horar yakan koma ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai biyan ninkin albashi. Ƙungiyar da mutum guda ya kafa, aka cika kwamitin amintattunta da 'yan uwa da abokai, takan mutu ranar da ya gaji ko ya samu muƙami. Wata kuma takan bar aikin da ta ƙware a kai ta bi inda kuɗi yake, bana ilimin mata, baɗi sauyin yanayi. Kuɗi mai yawa lokaci guda ma yana karya ƙaramar ƙungiya, shi ya sa masu lura suke farawa da kaɗan su ƙara a hankali.

Darajar kuɗi ita ma matsala ce. Bayan an bar kasuwa ta yanke darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30. Ƙungiyar da ta sa hannu a kan kasafin naira ta ga kuɗin buhu ɗari ya koma na abin da bai kai haka ba, alhali adadin mutanen da ta yi alkawarin ciyarwa yana nan. Maganinsa shi ne a sa sharaɗin sake duba kasafi a cikin yarjejeniya tun farko.

Alkawarin kashi 25

A taron jinƙai na duniya da aka yi a Santambul a Mayun 2016, manyan masu bayarwa da hukumomin agaji sun yi alkawarin cewa zuwa 2020 aƙalla kashi 25 na kuɗin agaji zai riƙa isa ga ƙungiyoyin cikin gida ta hanya mafi kusa. Ba a cika shi ba. Abin da ke zuwa musu kai tsaye ya tsaya a 'yan kasoshi ƙalilan. Hukumar agajin ƙetare ta gwamnatin Amurka, USAID, ta yi irin wannan alkawari a 2021, ta tsaya a wajen kashi 10, sannan gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙetare a Janairun 2025 ta kuma rufe hukumar a Yulin shekarar. Ƙananan ƙungiyoyin da ke karɓa ta hannun manya su ne aka fara yanke wa kuɗi, kuma galibinsu ba su da ajiyar da za ta biya ko albashin wata uku.