Wasan 'yar tsana: tambayoyin da aka ƙi daina yi

Daga Garwa har Kusiri a arewacin Kamaru tambayoyin dai ba sa canzawa. Ga amsa sau ɗaya, wanda ya sake tambaya a nuna masa nan.

Wai ba tsafi ba ne?

A'a. Hannu ne da tsumma da zare. Sunan dabo-dabo da ake kiran wasan da shi ne ke ruɗa mutane, tunda dabo rufa-ido ne. Mai wasan yana shiga ƙarƙashin babbar riga da aka kafa kan sanduna, ya riƙa fito da 'yan tsanar ta sama. Ɗaga rigar ka gani, mutum ne yana gumi.

Turawa ne suka kawo shi?

Haba malam. Barebarin Barno suna da nasu, dogodogo. A Mali, Bambara da Bozo na yankin Segu suna da sogo bo. Tun ƙarni na 13 Ibn Daniyal ya rubuta wasannin inuwa a Alƙahira, uku sun kai zamaninmu. A 'yan tsanar Turawa kuwa, Punch na Ingila sai 1662 aka fara ambatonsa a Landan, Guignol na Faransa kuma wajen 1808 ya fito a Liyon.

Iri nawa ne?

Manya huɗu. Na hannu, wanda ake sawa kamar safa. Na sanda, da ake ɗagawa daga ƙasa. Na zare, da ake rataye shi daga sama. Sai na inuwa, fata da aka yanke a sa tsakanin fitila da farin ƙyalle, irin Karagoz na Turkiyya da wayang na Indunusiya. Japan na da bunraku, inda mutum uku ke riƙe da 'yar tsana ɗaya. Ba ruwanka da wannan tukuna.

Ni na zare nake so in fara da shi.

Kowa haka yake cewa. Cikakkiyar ta zare tana ɗaukar zare tara: biyu a kai, biyu a kafaɗa, ɗaya a baya, biyu a hannu, biyu a gwiwa. Za ka wuni kana warware sarƙiya. Fara da na hannu: manuniya a wuya, babban yatsa hannu ɗaya, na tsakiya ɗaya hannun.

Da me zan yi kan 'yar tsanar don kada ya lalace?

To, wannan ce tambaya, kuma amsarta ta danganta da wata da kuma garin da kake. Abin da ya yi ƙarko a Njamena ba lallai ya tsallake daminar Ngaundere ba.

Mafi araha takarda ce da sitaci. A dama garin rogo cokali biyu a kofi ɗaya na ruwa, a dafa ana motsawa har ya yi sheƙi. A dunƙule busasshiyar jarida kamar girman lemo, a naɗa kwali a manuniya don wuya, tsawon santimita 6 zuwa 7, a cusa shi ciki. Sannan a yayyaga takarda da hannu, ban da almakashi, don bakin da aka yaga ne ke kwanciya, a riƙa shafa mata sitacin ana manna ta a jikin dunƙulen. Shimfiɗa shida zuwa takwas ta isa, amma biyu-biyu, a bari su bushe ƙayau kafin a ƙara. A nan ake faɗuwa. Mai gaggawa ya lafta takwas lokaci guda, waje ya bushe, ciki na jiƙe, bayan mako kan ya fara wari ya yi fumfuna.

Da hunturu awa biyu ko uku na iya isa, sai dai a shanya a inuwa, don rana mai zafi tana murɗe fuskar. A watan Agusta kuwa, kwana guda ma wani lokaci bai isa ba. Wasu kan zuba gishiri a sitacin saboda fumfuna. Yana taimakawa, amma gishiri na jan danshi, don haka da damina gara a bar shi. Ƙaro, wanda ba ya wuya a Chadi, yana kamawa da kyau, illarsa shi ne tsagewa in ya bushe da yawa, da yin danƙo in iska ta jiƙe. Mai hali ya sayi farin gam na kafintoci ya sirka da ruwa kaɗan, ƙwari ma ba su cika damuwa da shi ba. Sitaci kam abincin kyankyasai da gara ne, a rataye kan, kada a ajiye shi a ƙasa.

Ɗan duma ya fi duk wannan sauƙi idan an samu mai girman da ya dace: ba nauyi, ba ya jin danshi sosai, amma in ya faɗi kan siminti ya tafi. Katako kuma sai mara nauyi irin rimi, a rarake cikinsa. Kan da ya yi nauyi, minti goma yatsa ya sage.

Fatar Marwa fa, ta yi wa wasan inuwa?

Jemammiya ta yi laushi, langaɓewa take. A nemi wadda aka kankare aka shanya ba a jeme ba, a riƙa danne ta tsakanin katako biyu don kada ta nannaɗe. Fitila ɗaya tak, in biyu ne inuwa biyu za ka samu.

Yaya ake siririyar muryar nan ta 'yan tsana?

Wani ɗan abu ne ake sawa a ganda, falle biyu da ƙyalle a tsakani. A yankinmu da ɓawon ƙwan jimina ake yi, masu aragoz, wasan 'yar tsana na Masar, kuma da ƙarfe. Ana iya haɗiye shi, don haka kada a ba yaro. Maganar ma ba ta fita sosai, shi ya sa ake tsayar da mutum a waje yana maimaitawa.

Na yi komai daidai, amma yara ba sa dariya.

Kwantar da hankalinka, ba ƙirar ba ce. Duba gwiwar hannunka: da ka gaji take sauka, 'yar tsanar ta riƙa nutsewa har sai hula ake gani. Kuma in 'yan tsana biyu ne, mai magana kaɗai za ta yi motsi, ɗayar ta tsaya cak tana kallonta. In duka biyun suna rawa, wa zai san mai magana? Tsaya gaban madubi minti goma kullum, hannu a sama.