Yawan Wat Ba Shi Ne Ƙarfin Injin Zuƙar Ƙura Ba

An daɗe ana ɗauka cewa injin zuƙar ƙura, irin mai tukunya da dogon tiyo wanda ake ja a ƙasa, yana ƙara ƙarfi gwargwadon yawan wat ɗin da aka rubuta a jikinsa, har wasu dillalai kan ɗora farashi a kan wannan lamba. Gaskiyar magana ita ce, lambar tana nuna yawan wutar lantarkin da injin ke ci ne kawai. Abin da ke ɗauke ƙura daga kafet shi ne yawan iskar da ke ratsa tiyo da kuma yadda bakin injin ke manne wa ƙasa.

Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa kada sababbin injuna su wuce wat 1,600 a watan Satumba na 2014, sannan ta rage zuwa 900 a 2017, kuma kamfanoni irin su Miele da Numatic, mai ƙera injin zuƙar ƙura da ake kira Henry, suka ci gaba da fitar da injuna masu share ɗaki tas, ta hanyar gyara fankar ciki da hanyar iska.

Abin da ya fi cutar da mai saye shi ne tsohon inji mai wat 2,000 wanda jakarsa ta cika, matatarsa ta toshe da ƙurar hunturu, ko tiyonsa ya tsage. Zai yi ta ruri yana shan wuta, alhali ƙura na nan kwance. Mai saye ya ɗora tafin hannu a bakin tiyo ya ji zuƙar, ya duba robar murfin ko iska na tserewa, ya kuma tambaya ko ana samun jaka da matata na canji a kasuwa.