Neman Asali: Me Ƙungiyar Binciken Salsala Take Yi wa Mai Neman Kakanninsa?

Kwanakin baya na halarci rabon gado a wani gida a unguwar Hausare ta Garwa, a arewacin Kamaru. Ana cikin lissafin magada sai malamin ya tambayi sunan kakan mamacin na wajen uwa. Zaure cike da maza, har da masu furfura, amma kowa ya sunkuyar da kai. Sai da aka aika yaro cikin gida wajen wata gwaggo da ba ta ko gani sosai. Daga kan tabarmarta ta jero kakanni huɗu, da garin da kowannensu ya fito, da sana'arsa. Abin ya tsaya mini a rai, domin ranar da Allah ya karɓi wannan baiwar tasa, da ita za a binne sunayen nan. Tun daga lokacin nake yi wa matasanmu maganar ƙungiyoyin binciken salsala, su kuma suna yi mini tambayoyi. Ga waɗanda suka fi yawan dawowa.

Malam, wai mece ce ƙungiyar binciken salsala?

Taron mutane ne da kowannensu yake neman tarihin gidansu, suka ga cewa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, suka haɗa kai. Yawancinsu ba ma'aikatan gwamnati ba ne, 'yan sa kai ne masu biyan kuɗin shekara. A Turai da Amurka abin ya daɗe: akwai ta birnin Boston da aka kafa a 1845, akwai ta Landan tun 1911. Wadda ta fi kowace girma ita ce FamilySearch, wadda ta faro a 1894 a jihar Utah ta Amurka. Shafinta na intanet kyauta ne, kuma ta tura mutane ƙauyukan Ghana da Najeriya da wasu ƙasashen Afirka suna naɗar salsala daga bakin dattawa. Ya kamata mai amfani da ita ya san cewa ta cocin Mormon ce, kuma suna tara sunayen magabata ne saboda wata ibada ta addininsu. Kowa sai ya auna abin da zai ɗora a can da abin da zai bari a gida.

To idan mutum ya shiga, me zai samu?

Da farko horo. Sabon shiga yakan zo da zumuɗi, yana so a haɗa shi da wani sarki ko waliyyi tun ranar farko. Ƙungiya za ta zaunar da shi ta ce ya fara da kansa, sai iyayensa, sai kakanninsa, hawa-hawa, kada ya tsallake ko mutum ɗaya. Za a koya masa zana bishiyar dangi, da rubuta wanda ya faɗa masa kowace magana da ranar da aka faɗa.

Bayan wannan akwai ɗakin karatu mai tsofaffin taswirori da kwafin rajistoci, da zaman wata-wata inda wanda ya maƙale yake kawo matsalarsa a taru a kanta, da mujallar da mambobi ke buga abin da suka gano. Akwai masu zama su bi tsohuwar rajista layi-layi suna kwafe sunaye cikin kwamfuta, domin wani ya samu kakansa cikin minti ɗaya maimakon wata guda. Sukan shirya tafiya tare zuwa gidan adana takardun tarihi. Amma a ganina babbar riba ita ce littafin da kowane mamba yake rubuta gidan da yake nema. Ta nan ne mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba suke gano cewa kaka ɗaya suke bi, kowanne riƙe da rabin labarin.

Su Turawa suna da rajistar coci ta ɗaruruwan shekaru. Mu da kakanninmu ko takardar haihuwa ba su da ita, ina amfanin wannan a gare mu?

Hanyar ce muke ara, kayan aikin namu ne. Rumbun tarihinmu yana cikin gida, yana jan carbi, kuma galibi mace ce. Maza sukan riƙe layin uba kawai. Tsofaffin mata su ne suka san wa ya auri wa, wace ce aka sake ta ta koma Marwa da goyo, wane yaro aka bai wa goggonsa riƙo har mutane suka ɗauka ɗanta ne. Wannan na ƙarshe yana rikita salsala ƙwarai, domin riƙo a wajenmu ba a rubuta shi.

Hira da tsofaffi kuwa tana da ladabinta, kuma a nan ne wanda ya riga ka zai yi maka rana. Kada ka je da takarda da biro kamar mai karɓar haraji. Ka je da goro ko turare, ka gaishe ta, ka nemi izini kafin ka kunna wayar naɗar murya. Idan ka ce, "Hajiya Kaka, mene ne sunan mijinki?" ba za ta faɗa ba, ko ya shekara 40 da rasuwa. Za ta ce "Malam" ko "mai gidan nan". Haka ɗan fari, ba za ta kama sunansa ba. Alkunya ce, kada ka matsa mata. Ka tambayi ƙanwar mijin ko wata jika da suke wasa. Na ga wanda ya rubuta "Malam" a matsayin sunan yanka na kakansa har tsawon shekaru, don bai gane wannan ba.

Laƙabi ma shaida ne. Ɗanladi da Ladi ranar Lahadi aka haife su, Talatu ranar Talata, Azumi cikin watan azumi. Tanko ya biyo bayan mata, Kande ta biyo bayan maza, Audi kuwa an haife shi bayan rasuwar mahaifinsa. Ka ga daga suna kaɗai ka fara jera 'ya'yan ɗaki bi da bi. Tsagen fuska yana nuna inda gida ya fito, kuma tunda ana ta daina yi, a ɗauki hoton masu shi da yardarsu. Wasan barkwanci haka: idan kakarka tana tsokanar Zagezagi duk inda ta gan su, sai ka fara leƙa wajen Kano. Idan gidan yana da maroƙi, a naɗi kirarin da yake yi musu ranar biki tun daga farko har ƙarshe, domin a cikinsa akwai sunayen da kowa ya manta. Sai dai a tuna maroƙi yabo ne sana'arsa: yakan tsallake wanda bai yi suna ba, ya manne jika da kakan kakansa.

Tsofaffi ba sa faɗin shekara. Yaya zan san lokacin da abu ya faru?

Ka tambaye su me ake ciki a lokacin, kai kuma ka nemo shekarar. Ƙungiya mai hankali takan tanadi jerin irin waɗannan abubuwa na yankinta. An kashe Rabeh a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, Marwa a 1902, aka fitar da su daga Garwa a 1915. An yi babbar yunwa a 1913 zuwa 1914. Kamaru ta samu 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1960, Chadi ranar 11 ga Agusta na wannan shekarar. A 1973 aka yi husufin ranar da aka gani a Nijar da Chadi, a shekarar kuma aka sauya sunan Fort-Lamy zuwa Njamena. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974. Yaƙin Njamena na 1979 da 1980 ya sa dubban mutane tsallaka kogi zuwa Kusiri. Idan tsohuwa ta ce, "Ina goyon babanka aka yi gudun Kusiri," ka samu shekararsa da ɗan kuskure kaɗan.

Idan kuma ka tarar da shekarar Hijira a takarda, ka riƙe cewa 1300 ta kama a ƙarshen 1882, 1400 kuma a Nuwamba 1979.

Takardu fa, babu ko kaɗan?

Akwai, sun fi yadda ake zato. Fara da akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Malamai da yawa sukan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a bangon kundi ko a takardar ƙarshe ta Alƙur'ani rubutun hannu, kuma mai kwafe littafi yakan rufe da sunansa da na mahaifinsa da na malaminsa. Akwai takardun rabon gado, da na cinikin gida, da wasiƙu, da tsohon katin haraji, da fasfon aikin hajji. Daga nan sai fadar Lamiɗo, wato sarkin Fulani, da gidan Sarkin Hausawa da tsofaffin rajistocin kotun alƙali, inda ake shiga da sallama da ɗan jagora. Marigayi Eldridge Mohammadou, masanin tarihin da ya rasu a 2004, ya shafe shekaru yana tattara tarihin masarautun arewacin Kamaru daga bakin dattawa, kuma aikinsa yana taimakawa wajen sanin zamanin kowane Lamiɗo.

Na gwamnati kuma a warwatse suke, saboda Kamaru ta ratsa hannun Turawa iri uku. Takardun zamanin Jamus suna Yawunde da Balin. Na Faransa suna Yawunde da Njamena da birnin Aix-en-Provence, ko da yake rajistar haihuwa ta can ta fi shafar Turawa da waɗanda suka samu zama 'yan ƙasar Faransa. Na Ingilishi suna Buea da Kaduna. Wanda kakansa ya yi sojan Faransa kuma ya mutu a fagen yaƙi, ya duba shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar sojan Faransa.

Abu biyu suke ka da mutane a nan. Na farko rubutun suna. Umaru ɗinka a takardar Faransanci Oumarou ne, Usman ya zama Ousmanou, Hauwa ta zama Haoua, Muhammadu kuwa yana iya fitowa Mahamat a Chadi, Hamadou ko Mohamadou a Kamaru. Kuma ba mu da sunan gida mai bin zuri'a kamar Turawa, sunan uba ne yake sauyawa kowane hawa. Saboda haka a nemi mutum da sunansa da garinsa da unguwarsa da sana'arsa gaba ɗaya. Na biyu shekarar haihuwa. Inda ka ga an rubuta "né vers 1935", wato an haife shi wajajen 1935, ƙiyasi ne aka yi da ido. Takardar da kotu ta bayar daga baya don yaro ya shiga makaranta ma sau da yawa an rage masa shekaru. Hatimi a kan takarda ba ya sa ta fi maganar gwaggo gaskiya. Ka rubuta duka biyun, kowace da inda ka samo ta.

An ce ƙanin kakana ya tafi hajji a ƙasa bai dawo ba. Akwai fatan samun zuriyarsa?

Akwai ƙwarai. Hanyar alhazai ta bi ta Fort-Lamy da Abeche ta shiga Sudan, kuma tafiyar takan ɗauki shekaru, ana noma ko ɗinki a hanya don neman guzuri. Da yawa sun yi aure sun zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a mai yawa ta yi hijira gabas, har aka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Ka tattara sunansa da laƙabinsa da garin da aka ji labarinsa na ƙarshe, ka bi ta hannun shugabannin Hausawa na garuruwan da ke kan hanyar. Haka za a bi sawun fataken goro da na hauren giwa da suka gangara kudu ta Ngaundare da Tibati. Yaƙin da ake yi a Sudan tun 2023 ya sa wannan neman ya yi wuya a yanzu.

Gwajin DNA, wato na ƙwayar halittar gado, ba zai taƙaita mana wahala ba?

Ba zai faɗa maka sunan kakanka ba. Yawu ake aikawa, a kwatanta da na mutanen da suka riga suka yi gwajin, kuma mutanen yankinmu kaɗan ne a ciki. Yana iya nuna maka wani ɗan'uwa na nesa, yana kuma iya fito da abin da zai raba gida. Ni ban ba kowa shawarar ya fara da shi ba.

Idan aka tono abin da ba a so fa? Kuma addini bai hana alfahari da asali ba?

Ya hana. A hadisin da Muslim ya ruwaito, alfahari da asali da sukar nasabar mutane suna cikin al'amuran jahiliyya. Amma Tirmizi ya ruwaito umarnin a koyi abin da za a sada zumunci da shi daga nasaba, kuma rabon gado da sanin muharramai ba sa yiwuwa sai da ita. Niyya ce ta raba su.

Za a tono abin da ba a so, wannan babu makawa. An yi bauta mai yawa a Adamawa da ƙasar Bagirmi da Wadai, kuma gidaje da yawa, har manya, suna da kaka ƙwarƙwara ko kakan da aka kamo. Wannan baiwar Allah ba ta yi laifin komai ba, ta cancanci a rubuta sunanta da garin da aka rabo ta da shi, a riƙa yi mata addu'a kamar sauran. Abin da bai halatta ba shi ne ka ɗauki sirrin gidan wani ka kai dandali. Ƙungiyoyin kirki suna da ƙa'ida: ba a wallafa bayanin mai rai sai da izininsa, kuma abin da tsoho ya ce a riƙe amana, amana ne.

Za mu iya kafa tamu a unguwa?

Mun iya adashi da taron zumunci, wannan bai fi su wuya ba. Mutum biyar sun isa: wanda ya iya ajami da Larabci, wanda ya iya Faransanci, mai jin Fulatanci ko Larabcin Chadi gwargwadon garinku, matashi mai hannu a kwamfuta, da mace aƙalla ɗaya, domin ita ce za ta shiga ɗakin da namiji ba zai shiga ba. Akwai manhajar Gramps, kyauta ce kuma tana aiki ba tare da intanet ba, amma babban littafi mai bango ma ya wadatar a farko. Duk takardar da aka samu a ɗauki hotonta a mayar wa mai ita nan take, kada a ce za a kawo gobe. A ajiye kwafin murya da hotuna a gida biyu daban-daban, saboda gara da gobara da ambaliya irin wadda ta ci unguwannin Njamena a 2022. A zaman farko ku rubuta sunayen duk waɗanda suka haura shekara 80 a unguwar, ku raba su a tsakaninku, ku fara da wanda ya fi jin jiki.