Atonement (littafin Ian McEwan)

Atonement ƙagaggen labari ne na marubucin Birtaniya Ian McEwan, wanda kamfanin Jonathan Cape ya wallafa a Landan a shekarar 2001. Ma'anar sunan ita ce kaffara, wato abin da mai laifi kan yi don kankare laifinsa. Labarin ya ginu a kan ƙazafin da wata yarinya 'yar shekara 13 ta yi wa wani saurayi a 1935, da yadda ta ƙarar da rayuwarta tana neman gyara ɓarnar, alhali Yaƙin Duniya na Biyu ya riga ya toshe mata hanya.

Labarin

Kashi na farko, wanda ya fi sauran tsawo, ya faru ne kusan duka a wuni ɗaya na tsananin zafi a gidan iyalin Tallis da ke karkarar Ingila. Briony Tallis, autar gidan, mai sha'awar rubuta labarai, ta hango yayarta Cecilia da Robbie Turner ta taga suna jayayya a bakin tafkin ado na gidan, ta kasa fahimtar abin da ta gani. Robbie ɗan mai aikin gidan ne, kuma mahaifin su Briony ne ya ɗauki nauyin karatunsa har Jami'ar Cambridge. Daga baya Briony ta buɗe wasiƙar da Robbie ya ba ta ta kai wa Cecilia, wadda ya saka a ambulan bisa kuskure, ta tarar da kalaman batsa a ciki, sannan ta riske su su biyu suna soyayya a ɗakin karatu. Da dare, yayin da ake neman wasu tagwaye 'yan uwansu da suka gudu daga gida, aka yi wa yayar tagwayen, Lola, fyaɗe a cikin duhu. Briony ta shaida wa 'yan sanda cewa Robbie ta gani, aka kama shi, aka ɗaure.

Kashi na biyu ya koma Faransa a 1940, inda Robbie, wanda aka saka daga kurkuku ya shiga soja, yake tattaki da rauni a jikinsa tare da kofur biyu, Nettle da Mace, zuwa gaɓar teku a Dunkirk. Wannan janyewa ta faru a tarihi: tsakanin 26 ga Mayu da 4 ga Yuni na 1940 an kwashe sojojin ƙawance kimanin 338,000 zuwa Ingila. Mahaifin marubucin yana cikin sojojin da aka kwaso.

A kashi na uku Briony, tana da shekara 18, ta ƙi shiga jami'a, ta zama ɗalibar aikin jinya a Asibitin St Thomas na Landan, tana wanke raunukan sojojin da aka dawo da su. Ta halarci auren Lola da Paul Marshall, attajirin mai kamfanin cakulan da ya kasance baƙo a gidan a daren fyaɗen, wanda ta gane cewa shi ne ya aikata laifin. Sannan ta je wurin Cecilia da Robbie a unguwar Balham, ta yi alkawarin janye shaidarta a rubuce.

Babin ƙarshe, mai taken Landan 1999, ya rushe wannan haɗuwa. Briony, wadda ta kai shekara 77, ta kuma zama fitacciyar marubuciya da ciwon mantuwa ya fara kamawa, ta bayyana cewa ita ce ta rubuta duk abin da aka karanta, kuma ziyarar Balham ƙirƙirarta ce. Robbie ya rasu a Bray Dunes, kusa da Dunkirk, ranar 1 ga Yuni 1940 saboda gubar da ta shiga jininsa, Cecilia kuma bom ya kashe ta a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Balham. Littafin ya sanya mutuwarta a Satumba, ko da yake harin na ainihi ya auku ne ranar 14 ga Oktoba 1940.

Jigo

Littafin bai ɗauki Briony a matsayin maƙaryaciya kai tsaye ba. Ta yi imani da abin da ta faɗa, domin ta riga ta tsara labari a kanta wanda Robbie ne mugun cikinsa, sai ta kira abin da ta zata da sunan abin da ta gani. Manya kuwa sun karɓi maganar yarinya cikin sauƙi saboda wanda ake zargi ɗan mai aiki ne, babu wanda ya waiwayi baƙon attajiri. A nan ne laifin ya tashi daga kan mutum ɗaya ya hau kan gida duka.

Batun kaffara shi ne ya fi jawo muhawara. Briony ta bi hanya biyu, aikin jinya da rubutu, kuma babu wadda ta isa ga waɗanda aka zalunta. Ba za ta iya wallafa littafin ba muddin Marshall da matarsa suna raye, don gudun ƙarar ɓata suna. Ita da kanta ta yarda cewa marubucin da ke da cikakken iko a kan mutanen labarinsa ba shi da wanda zai roƙa gafara. Wasu masu nazari na ganin haɗa masoyan da ta yi a takarda alheri ne na ƙarshe, wasu kuma na ganin ta sake mallake rayuwarsu ne karo na biyu.

Karɓuwa da taƙaddama

Littafin ya kai zagayen ƙarshe na gasar adabi ta Booker a 2001, kuma mujallar Time ta saka shi cikin jerin ƙagaggun labarai 100 mafiya inganci na Ingilishi tun daga 1923. A 2006 an zargi McEwan da ɗebo bayanan asibiti daga littafin tarihin rayuwar da Lucilla Andrews, marubuciya da ta taɓa aikin jinya, ta wallafa a 1977. Ya amsa cewa ya ambaci sunanta a shafin godiya, kuma marubuta da dama, ciki har da Thomas Pynchon, sun mara masa baya.

Fim

Joe Wright ya mayar da labarin fim a 2007, inda Keira Knightley da James McAvoy da Saoirse Ronan suka fito. Fim ɗin ya sami lambar Oscar ta kiɗa, wadda aka ba Dario Marianelli.