Waiwaye: ruwan da ke cikin ƙwayar jinin mai sikila

Tun ƙarshen 2023, da Ingila da Amurka suka amince da maganin amosanin jini (sikila) mai gyara ƙwayar gado, wanda kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2, muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a zaurukan WhatsApp na Garwa da Marwa a arewacin Kamaru. Wasu na ƙorafin cewa likitocinmu ba su da abin faɗi sai "a ba shi ruwa", wai maganin talaka. Maganar ruwan nan ba yau ta fara ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1910 likita James Herrick ya bayyana ƙwayoyin jini masu siffar lauje a Shikago, a 1949 masanin kimiyya Linus Pauling ya nuna cewa aibin yana cikin himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jar ƙwayar jini.

Wanda ba a cika ambata ba shi ne masanin kimiyya György Gárdos na Budafest a ƙasar Hungary. A 1958 ya lura cewa idan sinadarin kalsiyam ya ƙaru a cikin jar ƙwayar jini, gishirin fotashiyam yana tsiyayewa waje. Daga baya aka gane wata ƙaramar ƙofa ce a fatar ƙwayar ke buɗewa, har aka sa mata sunansa. Gishiri kuwa ba ya fita shi kaɗai, ruwa na bin sa, sai ƙwayar ta motse. Ga lafiyayye wannan hanya ce ta daidaita girman ƙwaya. Ga mai sikila nan ne masifar take: himoglobin ɗinsa in ya cushe yana saurin daskarewa, ƙwayar ta lanƙwashe, lanƙwasar ta ƙara shigo da kalsiyam, ƙofar ta sake buɗewa. A 2010 aka gano Piezo1, ƙofar da ke jin miƙewar fatar ƙwaya ta bar kalsiyam ya shiga.

An gwada toshe ƙofar Gárdos da magani mai suna senicapoc. Bushewar ƙwayoyi ta ragu, jini ya ƙaru, amma tashin ciwon bai ragu ba, aka dakatar da gwajin a 2007. A ganina an yi saurin juya wa wannan fanni baya, hankali ya koma kan gyaran ƙwayar gado.

Ruwan sha ba ya rufe ƙofar. Sai dai a bazarar Afrilu, zafi ya wuce digiri 40, yaron da ya yi gumi bai sha ba jininsa na kauri, jinin ya riƙa zuƙe ɗan ruwan da ya rage a ƙwayoyin da dama suke yoyo.