Aperitivo a Italiya

Aperitivo al'ada ce ta mutanen Italiya, inda ake zama da yamma, tsakanin ƙarfe 6 da 8 ko 9, a sha wani abu mai ɗan ɗaci tare da 'yan kayan taɓa-ka-lashe kafin cin abincin dare. Da yake Italiyawa ba su cika zama cin abincin dare kafin ƙarfe 8 ba, wannan zama shi ke cike tazarar da ke tsakanin tashi daga aiki da komawa gida. Sun yi imani cewa ɗaci yana buɗe ciki, shi ya sa kusan duk abin shan wannan lokaci ke da saiwa ko ganye ko ɓawon lemo a cikinsa.

Ana danganta asalin al'adar da birnin Turin. A can ne Antonio Benedetto Carpano ya fara sayar da vermouth a shekarar 1786, wato giyar inabi da aka jiƙa wa ganyaye, ciki har da wani ɗan'uwan tazargade. A 1860 Gaspare Campari ya haɗa jan abin shan da ke ɗauke da sunansa a Novara, ɗansa Davide kuma ya buɗe Camparino a Milan a 1915, wurin da har yau yake aiki kusa da babbar majami'ar birnin. Aperol ya fito daga Padua a 1919, a hannun 'yan'uwan Barbieri. Shi ake haɗawa da prosecco, wato giyar inabi mai kumfa, da ruwa mai gas a yi spritz, mai launin lemon zaƙi, wanda ya cika teburan masu yawon buɗe ido a yau.

Duk waɗannan barasa ce. Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa wanda ba ya sha ba shi da rabo a zaman. Tun shekarun 1960 Italiya ke da nata abin shan aperitivo maras barasa, kuma Italiyawa da kansu na shansa. Akwai Crodino, ruwan ɗorawa, daga garin Crodo a arewacin ƙasar, da Sanbittèr, ja jawur, dukansu a 'yan ƙananan kwalabe. Akan zuba su kan ƙanƙara da yankan lemo. Akwai kuma chinotto, baƙin lemon kwalba da ake yi da wani ƙaramin lemo mai ɗaci. Baƙo ya ce wa mai hidima “analcolico” kawai, wato maras barasa, ba wanda zai yi masa kallon mamaki.

Abin ci ya danganta da gari. Mafi ƙaranci shi ne zaitun da gyaɗa da soyayyen dankali a ƙananan kwanoni, kuɗinsu na cikin kuɗin abin shan. Milan ce ta faɗaɗa abin har ya koma tebur guda na taliya da cuku da burodi, kowa ya ɗiba da kansa. Wannan ake kira apericena, ɗalibai kuma sukan mai da shi abincin darensu.

Amma a birnin Benis (Venice) abin ya fi armashi. Can akwai 'yan shaguna da ake kira bacari, musamman kewayen kasuwar Rialto, inda ake jera cicchetti, wato 'yan ƙananan kayan ci, a bayan gilashi, mutum ya nuna da yatsa, ya biya kuɗin kowane guda, ya ci a tsaye a bakin ƙofa. Cikinsu akwai baccalà mantecato, busasshen kifi da aka jiƙa, aka dafa, aka buga da mai har ya yi laushi kamar man shanu, a shafa kan burodi. Akwai sarde in saor, soyayyen kifin sadin da aka kwantar cikin albasa da ruwan khal da busasshen inabi. Masu gari ba sa daɗewa a shago ɗaya, sukan ci biyu ko uku su wuce na gaba.

Musulmi matafiyi ya kula da prosciutto da salame da mortadella, domin naman alade ne, kuma sukan zo kan faranti ba tare da an tambaya ba. Gara ya faɗi tun farko cewa yana so “senza maiale”, wato ban da naman alade. Haka nan a manyan dandalin birane kuɗin wanda ya zauna a tebur ya fi na wanda ya tsaya a kanta, wani lokaci nesa ba kusa ba.