Dokar Gudun Mil 20 a Garuruwan Birtaniya

Dokar gudun mil 20 tsari ne da ƙananan hukumomin Birtaniya ke bi wajen taƙaita gudun ababen hawa a unguwanni, kusa da makarantu da kasuwanni, ta yadda direba ba zai wuce mil 20 a awa ba, wato kimanin kilomita 32. Dokar zirga-zirga ta 1934 ce ta sanya iyakar gudu a cikin gari mil 30, kusan kilomita 48. Dokar tsara zirga-zirga ta 1984 ce ta ba hukumomin da ke kula da tituna ikon sauya wannan iyaka a titunan da ke hannunsu, sannan dokar 1988 ta ɗora musu nauyin bincikar haɗurra da ɗaukar matakin rage su.

Hujjar tana cikin birki. Littafin ƙa'idojin tuƙi na ƙasar ya nuna cewa motar da ke gudun mil 20 tana buƙatar kimanin mita 12 kafin ta tsaya cak, mai gudun mil 30 kuwa sai ta ci mita 23. Yaron da ya faɗo titi yana bin ƙwallo, wannan tazarar ta mita 11 ita ce tsakaninsa da asibiti, ko abin da ya fi asibiti muni.

Iri biyu ne tsarin, kuma mutane kan haɗa su wuri guda alhali ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne yankin mil 20, inda hukuma ke gyara titin kansa: a yi 'yan tuddai a kan kwalta, a ƙuntata hanya, a faɗaɗa wurin masu tafiya a ƙasa, har direba ya rage gudu ko yana so ko ba ya so. An fara irin waɗannan yankuna a 1991 a Sheffield da Norwich da Kingston upon Thames, birnin Hull kuma ya yi fice wajen yawaita su. Na biyu shi ne kafa alluna kawai ba tare da taɓa titin ba. Portsmouth ce ta fara shimfiɗa wannan a galibin unguwanninta tsakanin 2007 da 2008, Edinburgh ta bi sahu daga 2016.

Sakamakon ya sha bamban ƙwarai. Wani bincike da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2009, wanda ya duba alƙaluman Landan daga 1986 zuwa 2006, ya gano cewa yankunan da aka gyara titunansu sun rage yawan waɗanda haɗari ke rutsawa da su da kusan kashi 42 cikin 100, kuma yara ne suka fi cin moriyar. Rahoton da ma'aikatar sufuri ta fitar a 2018 kan titunan da aka kafa wa alluna kawai ya nuna gudun ya ragu da kusan mil ɗaya tak. Allo ya fi arha nesa ba kusa ba, shi ya sa hukumomin da aljihunsu ya yi rauni suke karkata gare shi, amma direba ya fi jin maganar titi fiye da ta allo.

Wales, ɗaya daga cikin sassan Birtaniya mai gwamnatinta, ta tafi da nisa. Ranar 17 ga Satumba, 2023, ta mayar da mil 20 iyakar gudu a mafi yawan titunan cikin gari masu fitilu, ta bar wa ƙananan hukumomi zaɓen inda za a ci gaba da mil 30. Ƙorafi ya yi yawa: sama da mutum 460,000 suka sa hannu a takardar neman soke dokar. Masu adawa na kukan ɓata lokaci, da cewa an haɗa manyan hanyoyin da babu gidaje sosai a gefensu. A nan suna da gaskiya a wasu wuraren, domin hukumomi da dama sun yi ɗari-ɗari wajen amfani da ikon keɓewar da aka ba su. A 2024 gwamnatin Wales ta sabunta ƙa'idojin don a mayar da wasu hanyoyin mil 30.

A sauran Turai ana lissafi da kilomita 30. Birnin Graz na Ostiriya ya fara tun 1992, Brussels da Paris suka ɗauka a 2021, shekarar da Sifaniya ta sanya ta a titunan cikin gari masu layi ɗaya a kowane hannu.